Hannun da Baffa Bai Ɗaura Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffa, yayan mahaifina, ya rasu ranar wata Alhamis da hantsi a gidansa na unguwar mahauta a Kurfi, bayan jinyar kwana tara. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa mun dawo. Lokacin ana tsakiyar yaƙin basasa, samarin gari da yawa sun tafi soja, amma duk da haka zaure ya cika, ƙofar gida ta cika, har sai da aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiyar bayan mahauta.

Mahauta ba su taɓa wuƙa ba ran nan. Makaɗan kalangu sun zo su uku, kowa ya rataya kalangunsa ya lulluɓe da gefen riga, ba wanda ya taɓa fata. Tsofaffin 'yan dambe sun zo daga Wurma da Makera da Dutsin-Ma, waɗansu da karyayyen hanci, waɗansu babu haƙoran gaba, suna ta share ido da bayan hannu. Kuma kowa ya shigo, wurin mutum ɗaya yake fara nufa, wurin taubashina, ɗan Goggo. Su kama hannunsa su girgiza, su ce, "Allah shi jiƙan shi. Kai ne shagonshi, kai ya horar, kai ka yi babban rashi." Sai in sun juyo za su fita su gan ni a bakin ƙofa, su ce, "Af, tela, ashe kana nan. Sai haƙuri."

Ashe ina nan. Hannun rigata ko bushewa bai yi ba daga ruwan wankan gawar, amma ba wanda ya lura.

Gara in faɗi gaskiya tun daga farko, don wanda nake rubutu a kansa ba ya son kwana-kwana. Ran da aka binne Baffa, baƙin ciki da kishi tare suka zauna a ƙirjina, kuma ban san wanda ya fi nauyi ba. Ina da mata da 'ya'ya uku, furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma ina zaune ina ƙirga mutanen da suka fara gaida ɗan Goggo kafin ni. Na kai talatin da wani abu na bari don kunya.

Mutum ɗaya ne bai gaida kowa a cikinmu ba. Wani tsoho ne mai ido ɗaya daga Tamawa, ya zo a kan jaki. Ya shigo ya wuce mu duka, ya durƙusa gaban buzun da Baffa yake zama a kai, ya dafa shi, ya yi ta kuka kamar ƙaramin yaro. Da aka ba shi haƙuri, sai ya ce, "Ku ƙyale ni. Shi ya hidda mini ido, kuma shekara talatin bai bari tukunyata ta yi Juma'a babu nama ba. Wa za ya tuna da ni yanzu?" Har shi ma sai da na ji haushinsa, don ya san wani Baffa da ni ban sani ba.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi. 'Yan dambe ba su da littafi. In makaɗin da ya san takenka ya mutu, shi ke nan, ka tafi.

Baffa gajere ne, mai faɗin kafaɗa, mai ƙaramar murya. Wanda bai san shi ba ba zai ce shi ne mutumin da a zamaninsa in aka ji ya sauka a gari bayan kaka, 'yan damben garin sukan tuna suna da biki a wani ƙauye. Tun kafin in yi wayo ya bar shiga fage. Ni dai na tashi na gan shi yana fiɗa da hannun hagu, hannun damansa kuwa kullum a dunƙule yake, yatsun sun lanƙwashe ciki ba sa miƙewa. Da shi yake danne nama a kan gungume. In zai ci tuwo, sai ya soke koshiya tsakanin babban yatsa da sauran. In zai gaisa da mutum, ya miƙa dunƙulen ya rufe da hagu. Mu yaran unguwa wannan hannu shi ne abin alfaharinmu. Mukan dunƙule namu mu yi ta yawo da shi a haka, wai mu ma ɗaurin dambe ya busar da su.

Ba ya zagi, kuma ba ya yabo. In ka yi abin kirki ya ce, "To." In ka yi na banza ma ya ce, "To," sai dai ta biyun ta fi tsawo. Goro ɗaya yakan yi masa kwana biyu. Yana ƙin mutum mai ɗaga murya a kan dabba, har ya taɓa korar wani yaronsa don ya shuri tunkiya kafin yanka. Duk Juma'a bayan an sauko, yakan ƙunsa tsoka da hanta a ganye ya kama hanyar Tamawa da ƙafa, ya ce za shi wurin abokinsa. Ba mu taɓa tambaya ba.

Mahaifina ya rasu ina ɗan shekara shida, Baffa ya ɗauke ni. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, saboda haka tun ina ƙarami na sa a raina cewa ni ne magajinsa. Dambe gadon mahauta ne, ni kuwa ɗan namiji ne a gidan, jinin daga wurin uba ya zo mini. A saman ƙofar ɗakinsa akwai wata jakar fata da yake ajiye zarensa, wato igiyar da ake naɗe hannun ɗan dambe da ita a kan tsumma har ya zama kamar dutse. Zaren ya yi baƙi don tsufa. Nakan tsaya in dubi jakar nan in ce a raina, tawa ce, lokaci kawai nake jira.

Sai ga ɗan Goggo.

Goggo ƙanwarsu ce, tana aure a Wurma gidan manoma. Ta kawo shi muna da kamar shekara goma sha shida dukanmu, siriri, dogo, wuya kamar na zalɓe. Samarin ƙauyensu sun mayar da shi abin wasa, kullum sai sun ƙwace masa guga a bakin rijiya sun tura shi cikin taɓo. In ka ɗaga hannu za ka sosa kai, sai ya runtse ido. Goggo ta ce, "Yaya, ga shi nan. Ban ce ka maishe shi zaki ba, ka dai sa shi daina kuka gaban 'yan mata."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Taubashina ne, ina da ikon tsokana, na kuwa yi amfani da ikona. Na sa masa suna Karan Dawa. Shi Kawu yake ce wa Baffa, ni kuwa nakan tuna masa cewa mai cewa Kawu baƙo ne, in an gama cin tuwo gidan ubansa zai koma.

Da aka gama girbi Baffa ya fara fita da mu gindin tsamiya bayan la'asar. A dambe hannu biyu aiki biyu ne. Wanda aka ɗaure shi ne mashi, da shi ake duka. Ɗayan a buɗe ake miƙa shi gaba, shi ne garkuwa, da shi ake tare abokin karawa, a ture shi, a auna nisansa. Ranar farko na miƙa damata ina jiran a naɗa mini ko da tsumma ne. Baffa ya kama ta, ya murɗa ta baya, ya ɗaure ta a ƙuguna da igiyar awaki. Sa'an nan ya ce wa ɗan Goggo, "Buge shi."

"Kawu, in buge shi?"

"Buge shi. Kai kuma ka tare. Buɗe hannunka."

Wannan kalma, buɗe hannunka, na ji ta fiye da sunana. In na dunƙule hagu don in rama, ya ɗan taɓa ni da tsumagiya a wuyan hannu. In na yi baya da gudu, ya ce ba tsere ya ce in yi ba. In tsaya, in dubi kafaɗar mutum ba idonsa ba, in karɓi duka da tafi in zubar da shi gefe. Kaka guda muka yi a haka. Na ce ai somin-taɓi ne, baɗi za a juya. Baɗi ta zo, aka sake ɗauko igiyar awaki.

A kaka ta biyu Karan Dawa ya fara cika. Ya daina runtse ido. Dukansa ya fara yi mini zafi, ni kuma na kai inda sai ya kai hannu goma kafin ɗaya ya taɓa ni. Na ɗauka Baffa yana gani. Yana gani kuwa, don wata rana da yamma ya shiga gida ya fito da jakar fatar nan. Na fara murza wuyan hannuna.

Ya ce, "Ɗan Goggo, yaka."

Ina tsaye, hannuna ɗaure a baya kamar akuyar da za a kai kasuwa, Baffa ya zauna a kan saiwar tsamiya, ya ɗora hannun taubashina a gwiwarsa, ya naɗa tsumma, ya kama bakin zaren da haƙori, ya yi ta zagayawa da hagu a hankali yana tofa addu'a. Ban taɓa ganin ya taɓa mutum da irin wannan lallashi ba. Da ya gama ya ce, "Daga yau ba mai ture ka cikin taɓo." Ni kuwa ya dube ni ya ce, "Tare."

Na tare. Hawaye na zuba, ina tarewa.

Da muka koma gida na same shi yana alwala, na ce, "Baffa, mi na yi maka? Ni ne ɗan gida. Na hi shi ƙarhi, kowa ya sani."

Ya ce, "Na sani."

"To mi ya sa?"

Ya gama wanke ƙafarsa tukuna, sa'an nan ya ce, "Ran da ka bugi ɗan gidan maƙera bakin kasuwa, ina tsaye. Ya hwaɗi, ka ƙara mishi. Ba ƙarin ya dame ni ba. Dariya kake." Ya ɗauki butarsa. "Shi tsoro gare shi, duka za ya warkar da shi. Kai ba ka da abin da duka za ya warkar."

Ban gane ba, kuma ban so in gane ba. Abin da na gane kawai shi ne an ba baƙo abin da yake nawa.

A kaka ta uku aka fara fita da ɗan Goggo garuruwa. Ya yi kisa a Wurma, gaban samarin da suke tura shi taɓo, wato ya kai abokin karawarsa ƙasa. Makaɗa suka yi masa take. Aka fara kiransa shagon Baffa, wanda Baffa ya horar ya tsaya masa. Ni aikina riƙe masa riga.

Sai na yi abin da har yau in na tuna nakan ji kunya. Na ji za a yi dambe a Makera, na ce wa Inna, matar Baffa, za ni duba wani sa. Na je, na sami wani ɗan damben da bai san ni ba, na ce ni ɗan Baffa ne na Kurfi, ya ɗaura mini. Jin sunan kawai ya sa ya naɗa mini hannu da igiyar guga ba tambaya. Aka fito mini da wani saurayi mai fara'a, yana ta yi wa makaɗa rawa. Bai taɓa ni ba ko sau ɗaya, garkuwar da Baffa ya koya mini ta hana shi. A turmin farko, wato zagayen farko, na same shi a muƙamuƙi, gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Dambe ya ƙare ke nan, kowa ya sani, yaro ma ya sani. Ni kuwa na bi shi na ƙara masa a kunne. Kalangu ya tsaya cak. Sai da mutum huɗu suka riƙe ni, kuma na ji da kunnena wani yana cewa, "Ku dube shi, dariya shikai."

Labari ya riga ni isa Kurfi. Baffa ya kwana da shi a ransa. Washegari da sassafe ya yanka rago, ya cire cinya, ya ɗora mini a ka, ya ce in wuce gaba. Da ƙafa muka je Makera, yini guda, jini na ɗiga a wuyan rigata, duk ƙauyen da muka ratsa sai an fito kallo. A ƙofar gidan su yaron, Baffa, wanda ban taɓa ganin ya durƙusa wa kowa ba sai mai gari, ya cire takalmi ya durƙusa wa uban yaron, wani talakan manomi. Ya ce, "Ɗana ne. Ni na koya mishi tsayuwa, laihina ne. Ku yahe mana." Yaron ya warke, sai dai kunnen nan bai ƙara ji sosai ba.

Ɗana ne. Sau ɗaya ke nan na ji ya faɗa, kuma a wurin ban haƙuri ya faɗa.

Ba mu koma Kurfi tare ba. Daga Makera ya wuce da ni Dutsin-Ma, ya kai ni rumfar wani tsohon tela abokinsa, ya ce, "Ga shi. Ka ba shi allura." Ya juya ya tafi. Ni a wurina kora ce. Ɗan mahauta, jikan mahauta, an zaunar da shi yana ɗinke aljihu. Na yi shekara biyu ban taka Kurfi ba, ko da Sallah. In mutanen garinmu sun zo kasuwa su tsaya su ba ni labarin ɗan Goggo, ya yi kisa a can, ya yi kisa a nan, ni kuwa in yi ta taka keke kamar ban ji ba, allura na karyewa. A nan ne na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi bokon da nake rubutu da shi yanzu, ba don son ilimi ba, don dai in sami abin da ɗan Goggo bai iya ba.

Ana saura shekara shida Turawa su sauke tutarsu abin nan ya faru. Maigidana tela idonsa ya fara rauni, ya yanka wa wani ango riga ta tsaya masa a gwiwa. Angon ya sa ta a haka don ba shi da wata, abokansa suka yi masa dariya gaban dangin amarya. Ranar kasuwa sai ga shi da gora, idonsa jawur, bai yi sallama ba ya ɗaga ta a kan tsohon. Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ga kaina tsakaninsu, hagu a miƙe, a buɗe. Ya kawo duka na zubar gefe. Ya sake, na karɓa a dantse na ture. Ya fi ni girma, kuma ba wasa yake ba, don duka ɗaya da ya kuɓuce ya fasa kan keken ɗinki. Na ga wurare uku da zan iya sa shi ƙasa. Ban matsa ba, ban kuma ba shi hanya ba, har numfashinsa ya ƙare, gorar ta faɗi, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska yana kuka.

Sai a lokacin wata mai fura ta ce, "Tela, aje almakashin mana." Na duba. Hannuna na dama yana bayana, manne da ƙuguna, daidai inda igiyar awaki take riƙe shi, kuma babban almakashin yanka yadi yana cikinsa. Tun da na tashi yake hannuna. Na ajiye shi, na zauna.

Bayan kwana huɗu Baffa ya zo Dutsin-Ma. Na gan shi tun daga nesa, na gyara zama, na ce yau dai zan ji abin da na shekara goma ina jira. Ya zauna a benci, aka gaisa. Ya ce, "An ce almakashi na hannunka."

Na ce, "E, Baffa."

Ya ce, "To."

Gajeruwar ce, na lura. Sa'an nan ya cire rigarsa ya ce in faɗaɗa masa aljihun dama, hannunsa ba ya shiga. Na faɗaɗa, ya sa, ya tafi. A makon nan ɗan Goggo ya kashe wani babban ɗan dambe da ya zo daga arewa, kuma waɗanda suka gani sun rantse mini Baffa ya shiga fage ya taka rawa gaban kalangu, hula a hannu. Shi rawa, ni "to". Ku gaya mini wanda ba zai ji zafi ba.

Na koma zuwa gida bayan wannan, amma ban daina auna abin da yake ba ni da abin da yake ba ɗan Goggo ba. Ko da Baffa ya hana shi dambe bayan kaka biyar, yana kan ganiyarsa, ya ce tsoro ya fita, abin da ya saura neman suna ne, ni ban ga an yi masa kome ba. Na ce ai ya ci rabonsa. Ya koma noma a Wurma, har yau in ya shiga kasuwa ana nuna shi.

Ranar da Baffa ya cika, Inna ta kira mu biyu ƙofar ɗaki. Ta miƙa wa ɗan Goggo jakar fata, ta ce wasiyya ce. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Sa'an nan ta dube ni ta ce, "Kai kuma ya ce kai za ka yi mishi wanka. Kai kaɗai, liman shi zuba maka ruwa."

An hana mai wanka faɗin aibin da ya gani. Na tambayi liman kafin in rubuta wannan, ya ce abin da na gani ba aibi ba ne, Inna kuma ta ce in faɗa.

Da na zo yi masa alwala, na ɗauki hannun daman nan da muka yi yarinta muna kwaikwayo. Ban taɓa riƙe shi ba sai ran nan. Na yi ƙoƙarin miƙe yatsun don ruwa ya shiga, suka ƙi. Na ɗan ɗaga su da ƙyar, na leƙa. Tafin duk tabo ne, rami huɗu a jere inda farata suka yi shekaru suna nutsewa cikin nama, wani ya warke, wani ɗanye. Na sa tsumma a ɗan yatsana na goge ciki a hankali, ina jin kamar zai ce mini zafi. Liman yana zuba ruwa, ni ina duban nawa hannun a kan nasa, yatsu biyar suna lanƙwasa yadda na ga dama.

Daga baya Inna ta gaya mini sauran. Duk mako ita take yanke masa faratan da aska, yana cije leɓe. Ƙashin hannun a kan fuskar mutumin Tamawa ya karye, kuma mutumin yana ƙasa lokacin da aka yi dukan. Baffa ya ƙi zuwa wurin maɗori har ƙashin ya haɗe a karkace. Ta ce, "Abin da ya hi damun shi addu'a. Kowa ya ɗaga tahi biyu, shi ɗaya da dunƙule. Yakan ce, da wane ido za ni roƙi Allah da wanga hannu."

Ranar addu'ar bakwai, da mutane suka watse da yamma, na sami ɗan Goggo shi kaɗai a gindin tsamiya, jakar a cinyarsa. Na zauna nesa kaɗan. Ya ce, "Tela, kwana bakwai ba ka dube ni ba."

Na ce, "Masu dubanka sun yi yawa, Karan Dawa."

Ya yi murmushi, sa'an nan fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ni igiya ya bar mini. Kai ya bar maka jikinshi. Ina bakin ƙohwa ina jin ƙarar ruwa, ka san abin da na ji?" Ya kau da kai. Shekara ashirin ina kishin mutumin nan, ban taɓa zaton shi ma yana da abin da yake ƙirgawa ba. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi kaɗan, Allah ya yafe mini.

Ya kwance jakar, ya fito da zaren. Ya ce, "Kawo hannunka in ɗaura maka. Sau ɗaya dai, ka ji yadda yake. Ba mai gani."

Na miƙa. Har ya ɗora tsumma a bayan hannuna, na ji warin tsohuwar fata da zufa, warin ɗakin Baffa. Sai na janye.

Ya ce, "Mi ya hwaru?"

Na ce, "Ba kai nake so ka ɗaura mini ba."

Na san abin da Baffa ya yi mini. Da wannan hannu nake ciyar da gidana, da shi nake shafa kan 'ya'yana, da shi na riƙe alƙalamin nan, kuma ba wanda yake yawo da ido ɗaya saboda ni. Na sani sarai, ba sai an yi mini wa'azi ba. Amma da ya zaunar da ni a kan saiwar nan ko sau ɗaya, ya ɗora hannuna a gwiwarsa, ya kama zaren da haƙori, ko da zai kwance nan take, da na yafe wa ɗan Goggo rawar.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa dukan da ya yi shekara talatin yana neman gafararsa, ya tashe shi da tafi biyu a buɗe. Juma'ar da ta wuce na ƙunsa tsoka da hanta a ganye na kai Tamawa. Na tarar ɗan Goggo ya riga ni.